Me ya sa aka ba shi cip alhali ya faɗi rabo?

TAMBAYA: Na kalli wata gasar kartar poka a intanet. Lokacin hutu aka kwashe ƙananan cip (ƙwayoyin da ke zaman kuɗi a wasan) masu darajar 25, aka raba wa 'yan wasa kati a buɗe. Wani da bai da komai sai cip uku na 25 ya sami kati marasa ƙarfi, amma aka miƙa masa cip na 100 ya ci gaba da wasa. Abokina ya ce son kai ne, ni kuma na ce doka ce. Wa ya yi daidai?

AMSA: Kai ka yi daidai, ɗan'uwa, amma kada ka yi saurin yi wa abokinka dariya, domin akwai abin dubawa a maganarsa.

Yayin da gasa ta yi nisa, kuɗin dole da ake zubawa kafin rabon kati yana ƙaruwa, sai ƙananan cip su zama kaya kawai, suna cika tebur suna ɓata lokacin ƙirga. Shi ya sa ake janye su. Duk mai huɗu na 25 a ba shi ɗaya na 100, babu gardama. Rigimar tana kan ragowar da ba ta cika huɗu ba.

Mu ɗauka mutum biyar ne ke da ragowa: uku, biyu, ɗaya, uku, ɗaya. Cip goma ke nan, 250. Biyu da rabi ne na 100, kuma rabi ko fiye ana cika shi, don haka uku za a raba. Mai rabo zai fara daga kujera ta ɗaya, ya ajiye wa kowa kati a buɗe daidai yawan ragowarsa. Masu manyan kati su kwashe. In lamba ta zo ɗaya sai a duba fure, wato alamar da ke kan katin: mai kan mashi ne gaba, sai zuciya, sai daiman, sai kulob. Ko mutum ya sami A biyu, wato kati mafi girma, cip ɗaya tak zai karɓa.

To, ƙa'idojin TDA, ƙungiyar masu gudanar da gasa da aka kafa a 2001, sun ce ba a fitar da ɗan wasa ta wannan hanya. Wanda ya rasa cip ɗinsa na ƙarshe a rabon, za a ba shi ɗaya daga mafi ƙanƙantar da ta rage. Hikimar a bayyane take: wannan shara ce ake yi wa tebur, ba hannun wasa ba ne. Mutumin bai zuba ba, bai yanke shawarar komai ba, ina dalilin korarsa?

Ga inda nake jin abokinka. A ce maƙwabcin mutumin yana da ɗaya na 100 da uku na 25, shi ma ya faɗi. Ba a ba shi ko ƙwaya, tunda yana da abin ci gaba. Daga 175 ya sauko 100, mai 75 ya hau 100, sun zama kunnen doki. Da zafi, amma a ganina asarar 75 ba ta kai a tashi mutum daga kujera ba tare da ya riƙe kati ba.

Kada kuma a raina cip ɗaya. Jack Straus ya ci babbar gasar duniya ta Las Vegas a 1982 bayan ya koma kan guda ɗaya tilo, wanda aka ce ya gano shi a ɓoye a gabansa lokacin da ya ɗauka an gama da shi.

Wani abu da kyamara ba ta cika nunawa ba: wanda ya bar ƙaramin cip a bayan tulinsa har aka gama rabo, in bai cika 100 ba, ɗauke shi za a yi ba diyya. Shi ya sa za ka ga tsofaffin hannu suna tsayawa a tebur su ga an gama kafin su tafi hutu.