Fatawa: Ajiyar Dukiya a Zinare da Masu Damfarar Tsofaffi

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, a birnin St. Paul na jihar Minnesota a Amurka nake aikin kula da tsofaffi, yawancinsu 'yan ƙabilar Hmong. Sun fi yarda da zinare a kan banki, har mahaifiyata da ke wurina ta fara koyi da su. Shin ya halatta? Kuma mene ne wajibina in na ga ana neman damfarar ɗayansu, alhali ba Musulmi ba ne?

Amsa: Bismillah. 'Yar'uwa, ajiye dukiya a zinare halal ne. Taskacewar da aya ta 34 ta Suratut Tauba ta yi wa narko ita ce wadda ba a fitar mata da zakka ba, kamar yadda Ibn Umar ya fassara. Su kuwa Hmong, mutanen da suka tsere daga Laos bayan 1975 suka zauna a sansanonin Tailan, ba a zarge su don sun fi amincewa da abin da za a ɗaure a ƙugu.

Sharaɗin saye shi ne hannu da hannu, bisa hadisin Ubada bin Samit: a biya kuɗi, a karɓi zinaren a zama ɗaya. Sayensa bashi ko biya kaɗan-kaɗan riba ce. In musanya tsohon zinare da sabo za a yi, dole nauyi ya zo daidai. In bai zo daidai ba, mafita ita ce mahaifiyarki ta sayar da tsohon ta karɓi kuɗinta, sannan ta sayi sabon.

Nisabi dinari 20 ne, wajen giram 85 na tsantsar zinare, ana fitar da kashi 2.5 cikin ɗari in shekara ta zagayo. Mai karat 21 tsantsarsa kashi 87.5 ce, don haka giram 100 ya kai nisabi. Giram 100 na mai karat 18 kuwa giram 75 kawai na tsantsa ke cikinsa, bai kai nisabi ba. A mazhabar Malikiyya, abin da mace ke sawa don ado babu zakka, amma sarƙar da aka ajiye don ranar buƙata ajiya ce, ana fitar mata. Nan mata da yawa ke kuskure.

Game da damfara, jinin maƙwabci da dukiyarsa haramun ne ko ba Musulmi ba ne, kuma yin shiru kina gani cin amanar aikinki ne. Hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta yi gargaɗi a Janairun 2024 kan salon da ya yawaita: a kira tsoho a ce daga banki ko gwamnati ne, asusunsa na cikin haɗari, ya cire kuɗinsa ya sayi zinare, za a turo wani ya karɓa "don a adana masa". Babu hukumar da ke aika ɗan saƙo karɓar zinare. Duk wanda ya ce a ɓoye wa 'ya'ya, ɓarawo ne. A kashe wayar, a kira lambar da ke bayan katin banki, a sanar da iyalinsa da 'yan sanda.

Mahaifiyarki kuma ta saya wurin dillali sananne da rasit, a gwada, domin ana cusa ƙarfen tungsten cikin sandar zinare kuma sikeli ba ya tona shi. A rubuta nauyin abin da ta mallaka da shaidu biyu saboda gado. Ba ki da ikon karɓe mata shi muddin hankalinta na nan. Hana mutum sarrafa dukiyarsa sai da hukuncin alƙali.

Wallahu a'alam.