Ku Tambayi Yaya: Sau uku ina rantsuwa zan daina ƙwaya, har yau ina komawa

Assalamu alaikum Yaya. Ni matashi ne ɗan shekara 27 a Kano, adaidaita sahu nake ja. Tun ina sakandare abokai suka koya min shan kodin, da aka hana shi ya yi tsada sai na koma tiramol, wai don in jure aiki tun asuba har dare in samu in haɗa balans ɗin mai mashin. Yanzu in ban sha ba ko tashi ba na iyawa. Sau uku ina dafa Alƙur'ani a gaban mahaifiyata cewa na daina, mafi daɗewar da na yi kwana 11 ne na koma, saboda jikina kamar ana sassara min ƙashi ga gumi ga zawo ga rashin bacci. Kawuna ya ce a kai ni gidan mari. Yarinyar da nake so kuma iyayenta sun ce ba za su ba ɗan ƙwaya ba. Don Allah Yaya da gaske mutum yana canzawa, ko wanda ya lalace ya lalace kenan?

Wa alaikumussalam ƙanina. Mutum yana canzawa wallahi, na gani da idona ba labari aka ba ni ba. Amma bari in fara da kwana 11 ɗin nan da kake faɗa da kunya, don ni shi ya fi tsaya min a wasiƙarka. Wanda ya jure ciwon ƙashi da zawo da ido biyu har tsawon kwanakin nan shi kaɗai a ɗaki, babu likita babu mai taya shi, ba za a ce masa ba shi da zuciya ba. Abin da ya same ka ciwo ne sananne, tiramol da kodin duk dangi ɗaya ne, in jiki ya saba da su sai ya daina tafiya daidai sai da su, ranar da ka yanke sai komai ya birkice. Kai kuma ka ɗauka rashin imani ne.

Shi ya sa nake roƙonka kar ka sake yankewa lokaci ɗaya kai kaɗai. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 na tiramol a yini ko ga mara lafiya, wanda aka yarda a sayar a ƙasar nan mai 50 ne da mai 100, amma na bayan fage akwai mai 225, ka lissafa nawa kake haɗiya kafin la'asar, ga shi yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kai kuma kana kan titi da matan mutane da yaransu a bayanka. Ka je asibitin Dawanau ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, in kana jin kunyar a gan ka a gari akwai na Barnawa a Kaduna. Ka faɗa wa likita gaskiyar adadin da kake sha kar ka rage ko ɗaya, su suka san yadda ake saukar da mutum a hankali. Na san za a ce asibitin mahaukata ne, ka bar su su faɗa. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Najeriya, miliyan 4.6 a cikinsu irin naka suke sha, to layin da za ka shiga cike yake da 'ya'yan mutane.

Maganar gidan mari kuwa ka lallaɓa kawu, shi ma rasa yadda zai yi ne ya sa ya faɗa. A tuna masa abin da aka gani a 2019 lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa a Kaduna suka fito da ɗaruruwan mutane wasu da sarƙa a ƙafa jiki duk tabo. Mari yana riƙe ƙafa ne kawai, ranar da aka kwance mutum, majalisar abokan shansa tana nan inda ya bar ta.

To majalisar nan ita ce babbar maganata da kai. Ka san hadisin mutumin nan da ya kashe mutum 99 ya cike da na 100, da ya je wurin malamin da ya san abin da yake yi bai tsaya a cewa ƙofar tuba a buɗe take ba, ce masa ya yi ka bar garinku ka tafi gari kaza akwai mutanen kirki a can. Kai sau uku kana rantsuwa amma washegari a tashar nan kake fakin, mai kemis ɗin nan ko mai tebur ɗin nan yana kallonka, lambarsa tana wayarka, abokanka suna miƙo maka suna cewa ɗaya dai ba komai. Ta ina rantsuwa za ta tsaya? Ka canza layin waya, ka canza inda kake jiran fasinja ko da ciniki zai ragu, ka samu mai mashin ka ce masa za ka rage awa na wani lokaci, in bai yarda ba ka ajiye masa makulli, don balans ɗin da sai da ƙwaya ake haɗa shi ranka kake biya da shi. Sannan tsakanin magariba zuwa bacci kar ka bar shi fanko, nan ne shaiɗan ya fi samun mutum, ka shiga makarantar dare ko ƙwallo ko ka zauna a shagon wani babba da kake jin nauyinsa.

Ita rantsuwar da ka karya akwai kaffararta, ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumi uku, ka tambayi malamin unguwarku ya yi maka bayani. Kuma kar ka ƙara dafa Alƙur'ani a gaban Mama, ka ce mata ta raka ka asibiti kawai, hakan zai fi sanyaya mata rai.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe da kyau, in ka yi wata biyu ko uku sai ka zame, kar ka kuskura ka sha adadin da ka saba a da, jikin ya riga ya manta, a nan ake rasa rai. Ka koma wurin likita a ranar, kar kunya ta sa ka ɓuya.

Iyayen yarinyar nan kuma kar ka ji haushinsu, ko kai ne da ƙanwarka haka za ka yi. Kar ka tura kowa yanzu, mutanen unguwa su ne za su kai musu labari in sun ga wata shida wata takwas idonka ya washe kana sahun asuba. Ko ta jira ko ba ta jira ba wannan na Allah ne, ba zan yi maka alƙawarin da ba a hannuna yake ba. Ka sake rubuto min bayan ka ga likita, ina so in ji me ya ce maka da kuma wa ya raka ka.