Manhajata ta rikice da agogon Landan

Tambaya: Salam Malam, ni ɗan Mabera ne a nan Sakkwato, na haɗa 'yar manhaja da ke tura wa ɗalibanmu saƙon tuni kafin karatun allo da muke yi ta intanet, akwai yara biyu a Landan karatunsu ƙarfe 5 na yammarsu, tun watan Yuni komi lafiya lau amma ƙarshen Oktoba sai saƙon ya fara isa gare su ƙarfe 4. Wallahi ban taɓa komi ba, mi ya faru?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ingila ce ta taɓa agogonta. Mu Najeriya kullum UTC+1 muke, wato awa ɗaya gaba da UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, rani da damina, shi ya sa abin ba ya zuwa mana a rai. Su kuwa daga Lahadin ƙarshe ta Maris suna ƙara awa ɗaya sai su yi daidai da mu, ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba su koma baya. Kai ka haɗa manhajar a Yuni ka ga agogonmu ɗaya sai ka ɗauka haka abin yake kullum. Yanzu 5 ɗinsu 6 ɗinmu ce, ka ga ma karatun ya matso gab da magariba, sai ku daidaita da iyayen yaran.

Don Allah kar ka gyara da hannu ka rubuta "rage awa ɗaya", Maris na zuwa za ta sake ɓaci. Ajiye sunan yankin kowane ɗalibi, Europe/London, mu kuma Africa/Lagos, waɗannan sunayen daga rumbun bayanan lokutan ƙasashen duniya na hukumar IANA suke kuma kusan kowane yaren shirya manhaja yana karanta shi, a Python zoneinfo ake kira, shi zai yi maka lissafin. Abin da ya riga ya faru, kamar sa'ar da ɗalibi ya biya kuɗi, ajiye shi a UTC. Amma karatun da ake yi duk mako ajiye "ƙarfe 5, Europe/London" ka bari a lissafa kowane mako, nan ne mutane da yawa ke zamewa.

In ka samu ɗalibi a Amurka ka kula, su Lahadi ta biyu ta Maris suke sauyawa su dawo Lahadin farko ta Nuwamba, ranakunsu daban da na Ingila. Kuma ka riƙa sabunta rumbun nan, Masar ma a 2023 ta dawo da sauyin bayan ta daina shekaru.