Dodon koɗi a cikin dutsen daɓe: halitta ce ko zane?

Tambaya: Malam, an shimfiɗa mana dutsen daɓe mai ruwan madara da aka ce daga Jamus aka kawo shi. A jikin wasu akwai siffa mai naɗi kamar dodon koɗi, wasu kuma baƙin zane kamar reshen itace. Halittun dā ne suka zama dutse, ko kwalliyar kamfani ce?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da duba gefe da bayan wani da ya rage ba a liƙa ba. Zanen kamfani a fuska yake tsayawa, kuma za ka ga hoto ɗaya yana maimaituwa. Halitta ta gaskiya tana ratsa jikin dutsen.

Bisa kwatancenka, wannan dutsen Jura ne na jihar Bavariya. 'Yan kasuwa suna kiransa mabul, alhali dutsen farar ƙasa ne da ya taru a ƙasan teku shekara wajen miliyan 150 da suka wuce. Mabul na ainihi zafi da matsi sun riga sun shafe abin da ke cikinsa, giranit kuwa daga narkakken dutse ya fito, ba a samun halitta a ciki.

Abin da ke rikita mutane shi ne yanka. Kuɓewa ɗaya ce, amma wadda aka yanka a kwance da wadda aka tsaga a tsaye ba sa kama da juna. Haka zarto yake yi wa waɗannan halittu, don haka tsarin ciki za ka bi. Shafa wa wurin ruwa, ka haska tocila daga gefe. In ka ga siraran bango sun raba naɗin ɗaki-ɗaki, amonayit ce, dabbar teku da ta ƙare shekara miliyan 66 da suka shuɗe. Dodon koɗi ba shi da waɗannan ɗakuna. In kuma ka ci karo da abu mai siffar harsashi, ko ƙaramin da'ira mai layuka daga tsakiya zuwa baki, duk belemnayit ne, wata dabbar teku ta dā, wajen yankan ne ya bambanta.

Reshen nan dai ba tsiro ba ne. Ruwa mai ɗauke da ma'adinin manganis ne ya bi tsagar dutsen ya bar wannan zane, kuma ya sha yaudarar masu saye.

Kada a wanke daɓen da ruwan lemon tsami ko wani abu mai asid, yana cin irin wannan dutse ya dusashe ƙyallinsa. In kana son ganin halittun dā da suka zama dutse kafin zarto ya taɓa su, dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato yana ɗauke da ɓawon halittun teku.