Feshin boron zai sa hudar mangwaro ta kama?

Tambaya: Ina da lambun mangwaro mai aure a wajen Kazaure, ƙasar jigawa ce. Duk shekara sai su yi huda har ta rufe ganye, amma 'ya'yan da ke kamawa ba su taka kara sun karya ba. Na ji masu noman tuffa da pich (wani ɗan itace na ƙasashen sanyi) a ƙasashen waje suna fesa boron. Zai yi wa mangwaro aiki?

Amsa: Malam, zai yi, amma sai in ƙarancin boron, wato wani sinadari da shuka ke buƙatar ɗan kaɗan daga ƙasa, shi ne ke damun bishiyoyinka. Da ka ce jigawa ce kuwa, zargin ya yi ƙarfi, domin ruwan damina na wanke boron daga ƙasa mai yashi, ɗan abin da ya saura kuma saiwa ba ta iya jansa idan ƙasa ta bushe. Ga shi mangwaronmu a tsakiyar rani yake huda, daga Disamba zuwa Fabrairu.

Idan ƙuda ya ɗauko garin fure ya sauke a kan macen fure, sai kowace ƙwayar garin ta tsiro da wani siririn bututu ya gangara har inda ƙwallo zai samu. Boron ne ke ƙarfafa bangon bututun nan. In ya yi ƙaranci, bututun ya fashe ko ya tsaya a hanya, barbara ba ta cika ba, sai ɗan ya kai girman ƙwayar wake ya faɗi. Ka duba sabon tofo: ganye mai 'yan huji-huji ko wanda ya karkace, sandar huda da ta lanƙwashe, 'ya'ya masu tsagewa ko baƙi a ciki, duk alamu ne.

Sai dai kada ka kwaikwayi lokacin feshin masu pich. Pich da tuffa suna da wani nau'in sukari da ke ɗaukar boron daga tsohon ganye ya kai shi inda sabon fure zai fito, shi ya sa su ko bayan an tsinke 'ya'ya suka fesa, bishiya za ta adana shi. A mangwaro ba ya yawo haka, kusan inda ya sauka nan yake zama. Don haka kai sai ka fesa a kan hudar kanta lokacin da ta fito amma furanni ba su buɗe ba, ka sake sau ɗaya idan 'ya'ya sun kama.

Awo ne wurin da nake roƙonka ka kiyaye, domin tsakanin abin da ke gyara da abin da ke ƙonawa tazarar kaɗan ce. Cikin sinadaran da ake narkarwa a fesa don samun boron, boraks na ɗauke da shi kusan kashi 11 cikin 100, borik asid kusan 17, Solubor kusan 20. Giram 1 na borik asid ko giram 2 na boraks a litar ruwa ya isa, wato giram 16 ko 32 a famfon goyo mai lita 16. Ka auna a sikeli, ban da cokali. Boraks ba ya narkewa sosai a ruwan sanyi, ka fara narkar da shi a ruwan ɗumi. Ka yi feshin da yamma in iska ta lafa. Idan bakin ganye ya soye kamar an haska masa wuta, ka wuce kima.

Ka sani kuma, yawancin furannin mangwaro maza ne, kuma ko a lafiyayyar bishiya waɗanda ke kai wa ga nuna ba su cika kai 1 cikin 100 ba. Farar hoda da ke lulluɓe huda ciwo ne, maganinsa daban. Tsananin sanyin dare na lalata garin fure. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai fesa maganin ƙwari furanni na buɗe, ya kashe ƙudaje da ƙudan zuma da ke yi masa barbara kyauta, sannan ya zo yana neman boron.

A bana ka ware layi ɗaya ka fesa, ka bar na kusa da shi, iri ɗaya, ban-ruwa ɗaya, ka kwatanta yawan 'ya'yan da suka kai girman ƙwai. In da hali, ka kai ganye a gwada maka a ɗakin binciken aikin gona kafin ka sayi na lambu duka.