Amsa ga mai maki 192 da ke son aikin jinya

Ƙanwata, na karanta tambayarki har sau biyu, kuma wallahi ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, don ramin da kike tsaye a bakinsa na san zurfinsa. Kin ce kin ci 192 a JAMB, aikin jinya kika nema, sai ga gurbin Maikrobayoloji (ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta) an ba ki a CAPS, wato shafin JAMB da ake ba da gurbin karatu, kuma wani abokin kawunki ya ce akwai makarantar lafiya ta kuɗi da za ta ɗauke ki gobe ba ruwanta da JAMB.

Bari in fara da makarantar nan, don ita ce ta fi tayar mini da hankali. Don Allah kada Baba ya biya ko kwabo sai kun ga abu biyu da idonku. Na farko, sunan makarantar a jerin waɗanda hukumar kwas ɗin ta amince da su. Jinya da ungozoma suna hannun NMCN, kwasa-kwasan ma'aikatan lafiyar al'umma, wato CHEW da JCHEW, suna hannun CHPRBN, aikin ɗakin gwaje-gwaje MLSCN, haɗa magunguna PCN. Kada ki yarda da wata takarda da aka liƙa a bangon ofis cikin firam. Takardar rajistar kamfani ko izinin ma'aikatar jiha ba su ne amincewar hukuma ba, kuma makaranta tana iya samun amincewa a kwas ɗaya ta rasa a wani.

Na biyu shi ne indeksin, wato rajistar da hukumar kwas ɗin take yi wa ɗalibi ta ba shi lamba kafin ya iya zama jarrabawarta, kuma a nan ake yanka mutane ba wuƙa. Hukuma tana yanka wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta yi wa rajista a shekara. Sai wasu marasa tsoron Allah su kwashi ninkin adadin biyu ko uku. Kowa ya ɗinka farin yunifom, kowa ya biya kuɗin makaranta da na fita asibiti, ana ta ɗaukar hoto ana sawa a WhatsApp. Shekara uku ta cika, jarrabawar ƙasa ta zo, a kafe sunaye, ki bi da yatsa daga sama har ƙasa ki sake komowa, babu naki. Ki je ofis a ce ki yi haƙuri sai rukuni na gaba. Rukuni na gaba kuma yana da nasa mutanen. Uwa ta sayar da awakinta, uba ya jinginar da gona, yarinya ta dawo gida da takardar makaranta wadda babu asibitin gwamnatin da zai kalla, don lasisi ake tambaya. Mai makarantar kuwa ya canza mota, Allah ya isa kawai. Saboda haka ki nemi 'yan ajin ƙarshe, ba malamai ba, ki tambaye su: ku nawa ne a aji, nawa ne suke da lambar indeksin? Idan suka fara kallon juna, ki kama hanya.

Maganar Maikrobayoloji kuma, kwas ne mai kyau ga mai son sa. Amma kada wani ya ruɗe ki da cewa ki shiga, in kin je aji biyu sai ki canza zuwa jinya. Su ma can gurbinsu ƙidayayye ne, da wuya a buɗe ƙofar. Kuma digirinsa ba ya ba ki lasisin aikin gwajin jini a asibiti, wannan na masu digirin aikin ɗakin gwaje-gwaje ne, wato BMLS, shekara biyar. Ki sani idan kika danna amincewa a CAPS, kin rufe wa kanki sauran guraben bana.

Da ni ce ke, yau ɗin nan zan je cibiyar jarrabawa ta kwamfuta (CBT) da JAMB ta amince da ita in canza zaɓina zuwa kwalejin koyon aikin jinya ta gwamnati. Yawancinsu sun koma tsarin difloma, wato ND da HND, shekara huɗu, ta JAMB ake shiga, kuma makinki yana iya kai ki jarrabawar tantancewarsu. Ki tabbata an ɗora sakamakonki na WAEC ko NECO a CAPS, don mutane da yawa suna zaune suna jiran gurbi alhali wannan kaɗai ya riƙe su. Kiredit biyar ake so: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zaman da bai wuce biyu ba. D7 a Fiziks ba kiredit ba ne, ko wa ya ce zai gyara miki.

Af, ki duba sunanki da ranar haihuwarki a NIN da takardar sakandare. A'isha a nan, Aishatu a can, sai ya zame miki ciwon kai ranar tantancewa. Ki gyara tun yanzu da babu layi.

In kuma digirin jami'a ne ya tsaya miki a rai, wato BNSc na shekara biyar, ko dai ki sake zama JAMB baɗi da shiri na gaske, ko ki yi IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a. ABU Zariya ce ke kula da shi, darussa uku ne, kusan wata tara, kuma ana yi a makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa (SBRS) da wasu kwalejojin jihohi. Da shi ake neman aji biyu kai tsaye, amma sai kin sayi fam ɗin shiga kai tsaye, wato DE, na JAMB, kuma ki fara tambayar jami'ar da kike so ko tana karɓar sa a jinya da makin da take nema, don guraben DE kaɗan ne.

Na san abin da ya fi cin ranki shi ne zaman gida, ƙawaye suna tafiya, 'yan uwa suna ta ce miki har yanzu shiru? Ki toshe kunne. Ki turo mana sunan makarantar da kwas ɗin da suka ce za su ba ki, akwai ma'aikatan jinya a cikinmu da za su duba miki jerin kafin Baba ya je banki.