Tambayoyinku: Adireshin shafina duk lambobi ne, shi ya sa ba na fitowa a Google?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah ina da shafi da nake rubutu kan gyaran waya, da WordPress na haɗa shi, amma duk abin da na ɗora sai adireshinsa ya fito da alamar tambaya da lambobi kamar /?p=4821, to wani abokina ya ce wai shi ya sa ba na fitowa in an yi bincike, in na mayar da su kalmomi zan hau shafin farko. Rubutuna sun kusa 200. Da gaske ne ko kuwa?

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Abokinka yana da gaskiya amma 'yar kaɗan, sauran ƙari ne. Google yana duba kalmomin da ke cikin adireshi, sai dai su kansu ma'aikatan kamfanin, irin su John Mueller, sun sha faɗa cewa nauyin abin kaɗan ne ƙwarai, ya fi amfani a lokacin da injin binciken Google ya fara cin karo da linkin bai kai ga karanta shafin ba, da zarar ya karanta rubutun kuwa to rubutun yake bi. Ka duba YouTube mana, adireshin bidiyonsu wasu haruffa ne a cakuɗe ba kai ba gindi, kuma kullum suna sama. Abin da ke ɗaga shafi shi ne rubutun ya amsa abin da mutum ya zo nema, wasu shafuka masu mutunci su riƙa sa linkinka, kuma ya buɗe da wuri a waya.

Amma fa ban ce ka bar su haka ba. Amfanin adireshi mai karantuwa wajen mutane yake. Wanda aka turo wa /gyaran-batirin-waya a WhatsApp ya san abin da zai tarar tun bai taɓa ba, shi kuwa /?p=4821 sai mutum ya tsaya yana wasiwasi ko na 'yan damfara ne, wani ma ya wuce abinsa. A nan ribar take. A sakamakon bincike ma ta ragu, don tun Janairun 2025 Google ya daina nuna sauran adireshin a waya, sunan shafin kawai ake gani.

Naka da sauƙi ma, ka yi sa'a. Ka shiga Settings ka je Permalinks ka zaɓi Post name, WordPress da kansa zai riƙa tura wanda ya bi tsohon linki mai ?p= zuwa sabon, don lambar ba ta canzawa. Duk da haka ka gwada kamar guda goma ka gani da idonka. Inda mutane ke shan wuya shi ne wanda adireshinsa da ma kalmomi ne, an san shi an yaɗa shi shekara da shekaru, sai ya tashi rana ɗaya ya canza don kwalliya, a wajen Google kuwa sabon adireshi sabon shafi ne, in ba a sa turawar da ake kira 301 ba, wadda ke kai mutum daga tsohon adireshi zuwa sabo, duk mai bin tsohon linki saƙon 404 zai tarar, wato ba a sami shafin ba, matsayin da aka tara ya zube. Ko an sa ta daidai sai ka ga baƙi sun ɗan yi ƙasa na wani lokaci kafin abu ya daidaita, kuma shawarar Google a bar turawar aƙalla shekara guda. Ni dai irin wannan ba na ba shi shawarar ya taɓa komai.

Sababbin rubutu kuma, kalma uku zuwa biyar sun isa, ƙananan haruffa, ka raba su da karan ɗori (-) ba layin ƙasa (_) ba, haka Google ya ce ya fi so. Kar ka jera kalma ɗaya sau huɗu wai don ka burge injin, wannan dabarar ta daɗe da mutuwa, a 2012 ma Google ya rage wa shafuka marasa inganci da suka dogara da sunan da ya yi daidai da abin da ake nema ƙarfi. Kar ka sa shekara in ka san za ka sabunta rubutun baɗi. Sai haruffa masu lanƙwasa, Google yana gane su ba matsala, amma in aka kwafi linkin sau da yawa ƙ takan koma %C6%99, ɗ ta koma %C9%97, ka ga an dawo gidan jiya ke nan, don haka a adireshi ka sa k da d da b zalla, a cikin rubutun kuma ka rubuta su yadda suke.

In ka gama ka buɗe Search Console, wato dandalin Google na masu shafuka, kyauta ne, ka tura masa taswirar shafinka (sitemap, jerin adiresoshin rubuce-rubucenka), a nan za ka ga ko Google ya ma ɗauki rubutun naka 200 ɗin ko bai ɗauka ba, ka fara da waɗanda ya bari.